Zafin Ruwa da Sanyinsa: Yadda Ake Raya Ƙananan Kifaye a Tankin Gida

Zuwa ga iyaye mata da masu faɗakarwa na unguwannin Yamai

Uwa, idan kina cikin matan da suka ajiye tankin kifi a tsakar gida ko a garkar ƙungiyarku, ko kuwa kina da niyyar yin haka, wannan takarda taki ce. Mace takan tara ɗan abin hannunta ta sayi ƴaƴan kifi, ta ba su abinci kullum, sai wata safiya ta tarar da su sun taso saman ruwa, ciki a sama. Takan zargi abincin, ko mai sayarwa, ko ta ce baki ne ya kama su. Sau da yawa kuwa abin da ya kashe su shi ne ruwan da ya yi zafi fiye da kima, ko ya yi sanyi, ko kuma ya sauya musu farat ɗaya. Kifayen da muke kiwo sun fi son ruwan da zafinsa yake tsakanin digiri 26 da 30, wanda kuma ba ya hawa da sauka da sauri. Wannan takarda za ta bayyana miki dalilin haka, da yadda za ki tsare shi da kayan da suke hannunki.

Abin da ya haɗa kifi da lafiyar yaro

Daga haihuwa zuwa wata 6, nonon uwa zalla ya ishi jariri. Daga wata 6 kuwa sai a fara ba shi ƙarin abinci, ana ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye. A wannan tsakanin ne tamowa ta fi kama yara, domin kunun hatsi kaɗai yana cika ciki amma ba ya ɗauke da duk abin da jiki mai girma yake nema. Hukumar lafiya ta duniya da UNICEF sun kasa abincin yaro gida 8, suka ce ya kamata ya samu aƙalla 5 daga ciki kowace rana, kuma nama da kifi suna cikin waɗannan gidajen. Kifi yana gina tsoka, yana ƙara jini, yana taimakon ƙwaƙwalwa. Ƙananan kifaye da ake busarwa a daka su da kai da ƙaya sun ma fi amfani, saboda sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi da haƙori yana cikin ƙayar.

Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ƙiyasta cewa mutum guda a duniya yana cin kusan kilo 20 na kifi a shekara. A Nijar abin da muke ci ya yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba, duk da kogin Isa ya ratsa tsakiyar Yamai. Saboda haka kowane kifi da ya mutu a tanki tun yana ƙarami, abincin yaro ne ya salwanta.

Kifi yana bin zafin ruwan da yake ciki

Jikin ɗan Adam yana riƙe zafinsa a wajen digiri 37, ko a ɗari ko a bazara. Kifi ba shi da wannan baiwa. Zafin jikinsa shi ne zafin ruwan da yake ciki. A kogi, idan saman ruwa ya ɗauki zafi, sai ya nutsa ƙasa ko ya fake a ƙarƙashin ciyawa. A tanki ba shi da wurin gudu, ke ce kaɗai za ki sama masa mafaka.

Abu uku ne suke faruwa idan ruwa ya yi zafi. Na farko, iskar da kifi yake shaƙa, wato oksijin da ke narke cikin ruwa, tana raguwa. Lita guda ta ruwa mai digiri 20 tana iya riƙe kusan miligiram 9 na wannan iska. A digiri 30 sai ya koma wajen 7 da rabi, a digiri 35 kuma ya sauka zuwa wajen 7. Na biyu, jikin kifin yana ƙara saurin aiki, har buƙatarsa ta iska takan kusan ninkawa idan zafi ya ƙaru da digiri 10. Ke nan a daidai lokacin da ya fi neman iska, a lokacin ne ruwan ya fi ƙarancinta. Na uku, kashin kifi da ragowar abinci suna saurin ruɓewa a ruwan zafi. Ruɓewar tana cinye iskar, kuma gubar da ke fita daga kashin, wadda ake kira amoniya, tana ƙara ƙarfi idan ruwa ya yi zafi.

Sanyi kuma ta wata fuska yake cutarwa. Jikin kifin yana yin nauyi, abinci ba ya narkewa a cikinsa da wuri, girma ya tsaya, garkuwar jikinsa ta yi rauni, cututtukan fata su samu ƙofa.

Ma'aunin da ya dace da kifayenmu

Kifi iri biyu aka fi kiwo a tanki a ƙasarmu: karfasa, wadda wasu suke kira gargaza, da tarwaɗa. Dukansu kifayen ƙasar zafi ne. Ga yadda lamarinsu yake:

Digiri 26 zuwa 30: nan ne suka fi ci, suka fi girma, suka fi lafiya.

Digiri 22 zuwa 25: suna rayuwa lafiya, amma ci da girma sun fara raguwa.

Ƙasa da digiri 20: ci ya ragu ƙwarai. Karfasa takan daina ci idan ruwa ya sauka wajen digiri 17, tana kuma mutuwa a wajen digiri 11 zuwa 12.

Digiri 31 zuwa 33: suna jurewa, amma sai an sa ido a kan iska da tsabtar ruwa.

Digiri 34 zuwa sama: akwai haɗari, dole a ɗauki mataki a ranar. Karfasa ba ta rayuwa idan ruwa ya kai wajen digiri 42, amma a tanki mai cunkoso rashin iska yakan kashe ta tun kafin a kai can.

Babbar tarwaɗa tana da wata gaɓa a cikin kanta da take shaƙar iskar sarari da ita, shi ya sa ta fi karfasa jure gurɓataccen ruwa. Kada wannan ya ruɗe ki game da ƴaƴanta. A makonninsu na farko wannan gaɓa ba ta gama fitowa ba, sanyin dare da ƙarancin iska suna kashe su da sauri. Kowane irin kifi ne, ƙarami ya fi babba rauni.

Bazara: inuwa kafin komai

A watannin Afrilu da Mayu zafin rana a Yamai yakan kai digiri 40 zuwa 41 a yawancin kwanaki, wasu ranakun har ya doshi 45. Ruwan da ke cikin baƙin tankin roba ko gangar ƙarfe da aka bari a rana yana iya wuce abin da kifi zai jure tun kafin la'asar.

Ki yi wa tanki rumfa ta zana, ko ta kara, ko tabarma, ki ɗaga ta sama yadda iska za ta riƙa ratsawa ta ƙarƙashinta. Rufin kwano da ya yi kusa da ruwa zafi yake ƙarawa. Ki kula da ɓangaren yamma musamman, domin ranar la'asar ita ce ta fi dukan jikin tanki. Idan tankin roba ne, ki naɗe shi da buhunan algarara ki riƙa jiƙa su. Yadda randa take sanyaya ruwan sha ta hanyar tsattsafowa, haka jiƙaƙƙen buhu yake sanyaya tanki idan iska ta buge shi. Tankin da aka binne rabinsa a ƙasa ya fi wanda yake tsaye a fili kwanciyar zafi.

Zurfin ruwa kada ya gaza santimita 80, idan ya kai mita 1 ya fi. Ruwa mai yawa yana jinkirin ɗaukar zafi, yana jinkirin hucewa. Ƙaramin baho kuwa kamar tukunya yake a kan murhu. A lokacin zafi ki rage cunkoso: ki cire waɗanda suka isa ci, ki bar wa ƙananan fili. Ki ba da abinci da hantsi da kuma bayan la'asar sakaliya, kada ki bayar da tsakar rana. Idan ruwa ya kai digiri 33, ki rage abincin da rabi. Kifi yana iya kwana biyu bai ci ba ba tare da ya cutu ba, amma ba ya daɗewa a ruwan da iska ta ƙare.

Mai injin hura iska kada ta dogara gare shi kaɗai, domin a bazara aka fi ɗauke wuta. Ki ajiye ƙwarya ko bokiti a kusa. Ɗiban ruwa a kwarara shi daga sama, ana maimaitawa, yana mayar da iska cikin tanki.

Ɗari: murfi da dare, rana da hantsi

Daga Disamba zuwa farkon Fabrairu, sanyin asuba a Yamai yakan sauka wajen digiri 16 zuwa 17, wasu dararen ƙasa da haka. Busasshiyar iskar hunturu idan tana kaɗawa a kan ruwa tana ƙara sanyaya shi. Wannan sanyi ba kasafai yake kashe manyan kifaye ba, amma yana tsayar da girmansu, yana kuma iya ƙarar da ƴaƴan kifi da ke cikin ƙaramin mazubi.

Dabarar bazara sai a juya ta. Ki janye wani sashe na rumfa don hantsi ya taɓa ruwa. Ki kafa zana ta ɓangaren gabas da arewa, inda iskar take fitowa. Da magariba ki rufe saman tanki da leda ko tabarma, ki bar tazara tsakanin murfin da ruwa, ki kuma bar kafa a gefe don iska ta shiga. Da safe ki buɗe. Kada ki ba da abinci da sanyin safiya, ki jira ruwa ya ɗan ɗumama wajen ƙarfe 10 ko 11. Ki zuba abin da za su cinye cikin minti 10 zuwa 15, ki kwashe ragowar. Idan ba su taso ba, kada ki matsa. Kada kuma ki zuba tafasasshen ruwa cikin tanki da niyyar ɗumama shi, yana ƙone wanda ya taɓa, yana girgiza sauran. Idan da hali, a guji sayen ƴaƴan kifi a tsakiyar ɗari.

Damana: hadari da ruwan sama

Daga Yuni zuwa Satumba zafin ruwa yakan daidaita da kansa, kuma lokaci ne mai kyau na girman kifi. Sai dai ruwan sama mai ƙarfi bayan yini mai zafi yana sanyaya ƙaramin tanki cikin ɗan lokaci. Kada ki bar indararo yana zuba cikinsa kai tsaye. A tankin da ruwansa ya yi kore, ƙananan tsirran da ke ciki suna ba da iska idan akwai rana, da dare kuma su ma shaƙa suke yi. Don haka bayan yinin da hadari ya rufe rana, ki duba kifinki da asuba, lokacin ne iska ta fi ƙaranci.

Sauyin gaggawa ya fi zafin kansa kisa

Kifin da ya saba da ruwa mai digiri 31 yana zaune lafiya, haka ma wanda ya saba da 24. Amma idan aka ɗauke shi daga ɗayan aka jefa cikin ɗayan a take, yana iya mutuwa nan take ko bayan kwana ɗaya ko biyu. Ƙa'ida ita ce kada bambanci ya wuce digiri 2 zuwa 3 a lokaci guda. Wurare biyu ne aka fi karya wannan ƙa'ida.

Na farko shi ne ranar kawo sababbin ƴaƴan kifi. A ɗauko su da sassafe, a lulluɓe ledar ko jarkar da jiƙaƙƙen zane, kada a tsaya cefane a hanya. Idan kun iso, kada ki juye su. Ki ɗora ledar a ɗaure a kan ruwan tanki ta yi minti 20 zuwa 30, sannan ki kwance ta, ki riƙa zuba ruwan tanki a ciki kaɗan-kaɗan, daga ƙarshe ki karkata bakinta su fita da kansu. Kada a ba su abinci sai washegari. Sannu ba ta hana zuwa.

Na biyu shi ne canjin ruwa. Kada ki zubar da ruwan tanki duka. Ki rage kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin uku daga ƙasa, inda dauɗa take kwanciya, ki cika a hankali. Ruwan famfon Yamai daga kogi ake jawo shi, a tace shi a Gudel da Yantala, a sa masa maganin kashe ƙwayoyin cuta. Maganin yana kare mu, amma yana cutar da kifi. Ki tara ruwan a buɗaɗɗen mazubi a inuwa ya kwana ya yini. Da haka maganin zai fice, zafinsa kuma ya yi daidai da na tanki. Ki tuna cewa ruwan da ya kwanta a bututu ko a tankin saman ɗaki da ranar bazara yakan fito da zafin da hannu ma yake ji. Ruwan rijiya da na rijiyar burtsatse zafinsa ba ya cika sauyawa duk shekara, shi ya sa kike jin ɗuminsa da safiyar ɗari. Yana da amfani wajen daidaita tanki, amma iskarsa kaɗan ce, sai a kwarara shi daga sama yana fantsama.

Ƙananan kifayen kogi da shawarar ƙasashen sanyi

Masuntan bakin kogi, a Gamkalle ko Saga, sun san cewa ƙananan kifaye masu sheƙi irin su kawara, waɗanda ake yin koto da su don kama giwan ruwa, ba sa jimawa a bokiti. Sun saba da ruwa mai gudu mai yawan iska. Wanda zai ajiye su da rai na ɗan lokaci, sai ya sa kaɗan a ruwa mai yawa, a inuwa, yana sabunta ruwan daga inda aka kamo su. Idan don abincin gida ne, ya fi kyau a gyara su nan da nan a dafa, ko a busar. Kada a zuba su cikin tankin kiwo, suna iya shigo da cuta.

A Amurka kiwon kifin koto sana'a ce babba, musamman a jihar Arkansas, kuma masu sayar da shi suna ajiye shi a ruwa mai sanyi, wajen digiri 20 ko ƙasa da haka, wani lokaci har da ƙanƙara. Kuna iya ganin irin wannan a bidiyon da ke yawo a waya. Waɗancan kifaye ne da suka saba da sanyin ƙasarsu, kuma ajiye su ake yi na ƴan kwanaki, ba girma ake so su yi ba. Sanyin da yake rayar da su shi ne yake hana karfasa da tarwaɗa ci. Kada ki jefa ƙanƙara cikin tankinki.

Yadda ake aunawa, da alamomin da za ki lura da su

Ma'aunin zafin ruwa ƙaramin abu ne, ƙungiya guda tana iya sayen ɗaya ta yi tarayya a kansa. Na auna zazzaɓi bai dace ba, domin ba ya nuna zafin da ya yi ƙasa sosai da na jikin mutum. A auna sau biyu a rana: da asuba, lokacin da ruwa ya fi sanyi, da wajen ƙarfe 3 zuwa 4 na yamma, lokacin da ya fi zafi. A nutsa ma'aunin kamu biyu ƙarƙashin ruwa, a jira minti 2, a karanta tun yana ciki. Idan bambancin safe da yamma ya wuce digiri 4 ko 5, ruwan ya yi kaɗan ko inuwar ba ta isa ba.

In babu ma'auni, ki tsoma hannu mai tsabta har gwiwar hannu. Ruwan da ya dace yana da ɗan sanyi-sanyi mai daɗi. Idan kin ji shi kamar ruwan wankan jariri, ya yi zafi da yawa. Idan karfasa ta taru a sama tana buɗe baki, ko kifaye suka yi cincirindo a inda ruwa yake shigowa, iska ce ta ƙare: ki tsayar da abinci, ki kwarara ruwa, ki canza wani kashi, ki ƙara inuwa. Idan sun kwanta a ƙasa ba motsi sun ƙi abinci da safiyar ɗari, sanyi ne.

Tsaron yara da tsabtar abinci

Ƙaramin yaro yana iya nutsewa a ruwan da bai kai gwiwa ba, kuma ba a jin ƙararsa. Tanki ya kasance da shinge ko murfin raga mai ƙarfi, mazubin da ake kwantar da ruwa ma a kange shi, a kuma juye shi cikin kwana biyu don kada sauro ya hayayyafa. Ruwan tanki ba na sha ba ne, ba na wanke kwano ba ne, amma taki ne mai kyau ga zogale da sauran kayan garka. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi. Kifin da ya mutu da kansa, a binne shi, kada a dafa wa kowa, domin a zafin garinmu yana lalacewa da sauri. Wanda za a ba yaro, a dafa shi ya nuna sosai, a cire ƙaya da yatsa, a marmasa cikin kunu ko miya. Busasshen ƙaramin kifi kuma a soya shi sama-sama ba mai, a daka ya yi laushi, a tankaɗe, a ajiye a kwalba mai murfi.

Zuwa ga masu faɗakarwa

Idan kun shiga gida mai tanki, ku duba abu biyar: inuwa, zurfin ruwa, mazubin kwantar da ruwa, lokacin ba da abinci, da shingen yara. Ku taimaka wa uwar gida ta riƙe littafi mai layi uku, na kwanan wata, da zafin asuba, da zafin yamma. Wadda ba ta rubutu, ɗanta ɗan makaranta yana iya yi mata. Ku tuna wa ƙungiyoyi su gyara rumfa tun a watan Maris, su tanadi murfi tun a Nuwamba. Idan kifaye suna mutuwa da yawa alhali ma'auni yana nuna daidai, ku kai maganar ga ma'aikatan ruwa da dazuzzuka masu kula da kamun kifi da kiwonsa, kada a zuba magani da ka.

Kifin tanki rigakafi ne, ba ya maye gurbin magani. A wannan ziyarar ku auna damtsen kowane yaro daga wata 6 zuwa shekara 5. Idan ma'aunin ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko ƙafafun yaro biyu sun kumbura, a kai shi likita a ranar. Idan ya nuna rawaya, tsakanin 11.5 da 12.5, shi ma a kai shi a duba, kada a jira sai kifi ya girma.